Sigari da Ƙwayoyin Tsayar da Jini: Amsa ga Wani Direba a Jidda

Wani bawan Allah da ke tuƙin babbar mota a wani kamfanin jigilar kaya a Jidda ya aiko wa wannan fili da wasiƙa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto, bayan an ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum, Malam. Shekaruna 46, kuma tun ina ɗan shekara 22 nake shan sigari. A yanzu ina tashi da kwali ɗaya a rana, daren Juma'a kuma mukan haɗu da abokai a istiraha (wurin shaƙatawa) mu sha shisha. Kwanan baya kamfaninmu ya tura mu gwajin jini, sai takardata ta fito da 468 a gaban PLT, an sa mata alamar cewa ta haura, hemogulobin kuma 17.4. Likitan mustausaf (ƙaramin asibiti) ya ce safa'ih ɗina sun ɗan yi yawa, in bar taba in dawo bayan wata guda, bai ƙara komai ba saboda layi ya yi tsawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, abokin aikina da ya fi ni sha nesa ba kusa ba nasa 255 ne, yana ta yi mini dariya wai taba ba ruwanta. Wani ya ce in riƙa shan asfirin ɗin yara kullum, kawuna a Makka kuma ya ce ƙaho ne maganin abin. Shin taba ce ta jawo mini wannan? Idan na rage zuwa kara biyar a rana lambar ta sauko, na tsira ke nan? Har yanzu ban gaya wa maiɗakina ba."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka faɗi yawan tabar da kake sha ba tare da ragi ba, domin da yawa daga masu irin wannan tambaya sukan raba adadin biyu kafin su furta shi. Bari in fara da abin da zai ɗan kwantar maka da hankali. A wajen baligi, adadin ƙwayoyin nan masu tsayar da jini, waɗanda takardarka ta kira PLT, likitanka kuma ya kira safa'ih, yakan kasance tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a cikin kowace maikurolita, wato abin da bai kai ko kusa da ɗigo ɗaya na jini ba, kuma takardun gwaji sukan yar da sifili ukun ƙarshe, shi ya sa ka ga 468. Ke nan da kaɗan ka haura iyaka, kuma irin wannan haurawa ita kaɗai ba ta nuna cewa wani abu zai same ka gobe ko jibi. Sai dai kwanciyar hankalin da zan iya ba ka ta tsaya a nan, saboda tambayarka ta ƙarshe, wato ko ka tsira idan lambar ta sauko, amsarta a'a ce, kuma dalilin wannan a'a shi ne abin da ya fi cancanta mu daɗe a kansa.

Waɗannan ƙwayoyi su ne mafi ƙanƙanta a cikin ƙwayoyin da ke yawo a jini. A cikin ɓargo ake yin su, inda wasu manyan ƙwayoyi ke gutsuro su daga jikinsu suna zubawa a jini, kimanin biliyan 100 a kowace rana, kuma kowace ɗaya ba ta wuce kwana 7 zuwa 10 tana aiki kafin saifa da hanta su share ta. Hanta ce ke fitar da mafi yawan sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙara haifar su, saifa kuma tana riƙe da kusan kashi ɗaya bisa ukunsu a matsayin ajiya. Aikinsu ka sha ganinsa da idonka. Idan wanzami ya ɗan yanke ka wajen aski bayan umara, jini ya ɓullo, ka danne da auduga na 'yan mintoci ka ɗaga ka tarar ya tsaya, su ne suka tsayar da shi. Da zarar bangon jijiya ya tsage, waɗanda ke wucewa ta wurin sukan manne a bakin raunin, su sauya siffa daga masu santsi zuwa masu ƙaya-ƙaya, su saki sinadaran da ke kiran 'yan'uwansu, su cure wuri ɗaya, sannan wasu zaruruwa da jiki ke saƙawa daga wani furotin mai suna fibirinojin su zo su ɗaure curin ya zama gudan jini. Wannan ni'ima ce babba muddin a bakin rauni abin ya faru. Tashin hankalin yana zuwa ne idan curewar ta auku a cikin jijiyar da ke kai wa zuciya ko ƙwaƙwalwa jini, inda babu abin da ake bukatar a toshe.

Game da ko sigari na ƙara yawansu, binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a kan maza baligai bai fito da murya ɗaya ba. Wasu masu binciken sun tarar adadin masu shan taba ya ɗan ɗara na waɗanda ba su sha, wasu ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba, wasu ma sun tarar ya ɗan yi ƙasa, kuma ko a inda aka ga bambancin, yawanci duka ɓangarorin biyu suna nan cikin iyakar da ake ɗauka ta lafiya. Akwai dalili mai ma'ana da ya sa haka, domin hayaƙin yana jan adadin ta fuska biyu a lokaci guda. Ta wani gefen, yana haddasa wani irin kumburi na cikin jiki a huhu da jijiyoyi, wanda mutum ba ya jin zafinsa amma ba ya yankewa, shi kuma kumburi yakan sa hanta ta ƙara matsa wa ɓargo lamba. Nikotin ma yakan sa jiki ya saki adirenalin, wanda ke matse saifa ta fito da wani abu daga ajiyarta. Ta ɗaya gefen kuma, ƙwayoyin mai shan taba sukan ƙare da wuri, saboda ana yawan cinye su a ƙananan cure-cure da ke faruwa a bangon jijiyoyi. Wanda ƙarin ya rinjaya a jikinsa sai lambarsa ta hau, wanda cinyewa da mayarwa suka daidaita a jikinsa sai lambarsa ta zauna a tsakiya kamar ba abin da ke faruwa. Ka ƙara da cewa mutane sun bambanta tun asali, wani 200 ne nasa tun yana saurayi, wani 380, sai ka ga yadda maza biyu da ke zuƙa daga kwali ɗaya za su iya karɓo takardu masu nisa da juna.

Inda masana suka haɗu babu jayayya shi ne a kan halin ƙwayoyin, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Kai direba ne, ka san cewa idan aka ƙirga motocin da ke kan babban titin Jidda zuwa Makka aka faɗi yawansu, wannan bai gaya wa kowa yadda direbobinsu ke tuƙi ba, alhali tuƙin ne ke jawo karo. Na'urar da ta duba jininka ƙirga kawai ta yi. Ba ta auna saurin mannewar ƙwayoyin ba, kuma wannan shi ne abin da taba ta fi taɓawa. An nuna cewa cikin 'yan mintoci bayan zuƙar kara ɗaya ko biyu, ƙwayoyin sukan zama masu saurin tunzura da saurin curewa, suna sakin ƙarin sinadarin da ke kiran 'yan'uwansu yana kuma tsuke jijiya. A daidai wannan lokaci, siririn rufin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyi, wanda aikinsa shi ne fitar da sinadaran da ke lallashin ƙwayoyin su wuce ba tare da sun manne ba, yana samun rauni daga gubar hayaƙin, sai abin da yake fitarwa ya ragu. Fibirinojin kuma yakan yi yawa a jinin mai shan taba, gudan jinin da aka ɗaure da shi ya fi tauri, jiki kuma ya fi shan wahala wajen narkar da shi. Idan mutum yana shan kara 20 a rana, to kusan daga asuba har ya kwanta jininsa bai fita daga wannan hali ba.

Hemogulobin ɗinka na 17.4 ma yana da abin faɗa a nan, ko da yake wasu in sun ga irin wannan lamba murna suke yi wai jini ya wadata. A cikin hayaƙin taba akwai iskar kabon monoksaid, wadda ke kama hemogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hana shi ɗaukar iskar da gaɓoɓi ke bukata. Da jiki ya ji oksijin ya yi kaɗan sai ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓin, jini kuma ya ƙara kauri. Ka haɗa wannan da zafin Jidda, da gumin lodi da sauke kaya, da al'adar direbobi ta ƙin shan ruwa don gudun yawan tsayawa a hanya, sai ka ga jini mai kauri, cike da ƙwayoyi masu saurin curewa, yana bi ta jijiyoyin da bangonsu ya riga ya yi kaushi. Ciwon zuciya mai kama mutum farat ɗaya yawanci haka yake zuwa: kitsen da ya taru shekara da shekaru a bangon jijiyar zuciya sai ya tsage, ƙwayoyin nan su ɗauka rauni ne su taru a kansa, cikin ɗan lokaci hanya ta toshe. Shanyewar ɓarin jiki ma mafi yawanta toshewar jijiya ce, sai dai a ƙwaƙwalwa take faruwa. Kuma tunda magana ce tsakanin maza, yana da kyau ka sani cewa jijiyoyin da ƙarfin namiji ya dogara a kansu sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa raunin mu'amalar aure yakan riga ciwon ƙirji bayyana ga wasu masu shan taba.

Saboda haka dariyar abokin aikinka ba ta da tushe. Takardarsa ta nuna cewa adadin ƙwayoyinsa daidai yake, ba ta ce komai ba game da yadda suke aiki, kuma mafi yawan masu shan tabar da ake kaiwa asibiti da ciwon zuciya adadinsu yana cikin iyaka. A ganina ma kai ka fi shi sa'a, domin kai takarda ta tsayar da kai kana tambaya, shi kuwa tasa ta ƙara masa ƙwarin gwiwar ci gaba.

Batun ragewa zuwa kara biyar kuwa, na san abin da ya sa ya yi maka daɗi a rai, amma lissafin ba ya tafiya yadda ake zato. Mutum zai ɗauka cewa idan kara 20 na da haɗari kaza, to kara ɗaya na da kashi ɗaya bisa 20 na wannan haɗarin. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta buga wani nazari da ya tattara bincike 141, ya kuma nuna cewa namijin da ke shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 ke ɗauke da shi. Ɗaya daga dalilan da masana ke bayarwa shi ne ainihin abin da muke magana a kai, wato hayaƙi kaɗan ya isa ya tunzura ƙwayoyin tsayar da jini, ƙarin hayaƙin da ya biyo baya ba ya ninka abin daidai da yawansa. Ragewa tana da amfani idan mataki ce zuwa ga ranar da aka sa za a daina gaba ɗaya. Idan kuwa ita ce masauki, za ka ci gaba da ɗaukar kaso mai tsoka na haɗarin, kuma wanda ya rage yakan zuƙi kowane kara da ƙarfi har zuwa gindinsa ba tare da ya lura ba.

Shishar daren Juma'a ma ba ƙaramin abu ba ce a wannan lissafi. Ruwan da hayaƙin ke bi ta cikinsa sanyaya shi yake yi, ba ya tace gubar, sanyin ma shi ke ba mutum damar ja har can ƙasan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2005 cewa a zaman shisha na kimanin awa ɗaya mutum na iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya kai ninki 100 ko fiye na kara ɗaya na sigari, gawayin da ke kan mu'assal, wato tabar shisha, kuma yana ƙara kabon monoksaid mai yawa a kan na tabar. Shamma, wato garin tabar da ake cusawa a leɓe, ba mafita ba ce, nikotin ɗin yana nan, ga kuma haɗarin sankarar baki.

Duk da wannan bayani, kada ka ɗora wa taba alhakin lambar nan baki ɗaya ka yi zamanka, domin likitan da ya ce ka dawo bayan wata guda yana da hujja. Mafi yawan lokuta hauhawar waɗannan ƙwayoyi martani ce da jiki ke yi ga wani abu dabam: mura ko ciwon haƙori ko wata cuta da aka yi kwanan nan, kumburin gaɓoɓi, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, zubar jini ta basir ko gyambon ciki, tiyata, ko cire saifa. Irin wannan takan sauka da kanta idan sanadin ya wuce. Idan aka sake gwaji aka tarar tana nan ko ta ƙaru, akwai abubuwa biyu da ya kamata a bincika a wajen mutum irinka. Na farko, tunda hemogulobin ɗinka ma yana can saman iyaka, likita zai so ya tabbatar ba ɓargon ne da kansa ke wuce gona da iri ba, kuma akwai gwajin jini na wata ƙwayar halitta mai suna JAK2 da ake yi don wannan tun bayan gano alaƙarta da irin waɗannan cututtuka a 2005. Ba cututtuka ne masu yawa a cikin jama'a ba, kuma ana rayuwa da su shekaru masu tsawo idan an gano su ana kula da su. Na biyu ya fi nauyin faɗa, amma ɓoye shi ba taimako ba ne: ga wanda ya haura shekara 40, hauhawar da ba a san sanadinta ba wani lokaci takan zama alamar farko ta ciwon daji, musamman na huhu ko na hanji, shi ya sa ƙa'idojin da likitocin Ingila ke bi tun 2015 suka ce a duba yiwuwar ɗaukar hoton ƙirji ga irin wannan mutum. Mafi rinjayen waɗanda aka duba ba a samun komai, amma wanda ya shafe shekara 24 yana shan taba bai kamata ya tsallake wannan hoton ba. Idan kana da tarin da ya wuce mako uku, ko jini a majina, ko rama ba dalili, ko gumin dare, ko baƙin bayan gida, kada ka jira watan ya cika.

Asfirin ɗin da aka ba ka shawara, kada ka fara shi da ra'ayin kanka ko na mai saidaliyya, wato mai shagon magani. Ba ya rage yawan ƙwayoyin, abin da yake yi shi ne ya kashe musu kaifin mannewa, kuma ƙwayar da ya taɓa ba ta farfaɗowa har ta mutu. Wannan yana da amfani ƙwarai ga wanda ya taɓa yin ciwon zuciya ko aka sa masa ƙarfe a jijiya, amma ga wanda bai taɓa yi ba, zubar jini a ciki da maganin kan jawo tana iya cinye ribar, balle ga mai shan taba wanda dama gyambon ciki ya fi kama irinsa. Ga kuma wani dalili na nan gida. Zazzaɓin dengi ya zauna a Jidda da Makka da Jizan, an tabbatar da shi a Jidda tun 1994, kuma babban aikinsa shi ne rugurguza adadin waɗannan ƙwayoyi. Wanda dengi ya kama yana kan asfirin ya haɗa haɗari biyu. Idan likita ya auna shekarunka, da hawan jininka, da suga, da kitsen jini, ya ga ya dace, shi zai rubuta maka.

Kawu kuma, a gaishe shi da girmamawa. Ƙaho abu ne da jama'armu ke riƙe da shi da daraja, kuma ba ni da niyyar raba kowa da shi, amma jinin da ake cirewa ba ya sauya halin ƙwayoyin da suka rage, kuma cikin kwana 10 ɓargo ya sabunta su duka, sababbin su tarar da hayaƙin yana nan yana jiran su. Bugu da ƙari, fitar jini da kanta takan sa adadin ya ɗan hau, saboda haka idan ka yi ƙaho kafin gwaji na biyu kana iya rikita wa likita lissafi. Ka bari sai bayan gwajin, ka sanar da likitanka, ka kuma je wurin da ke da lasisi da tsabtar kayan aiki.

Abin da ke da daɗin ji a wannan lamari shi ne ƙwayoyin nan suna cikin abubuwan da suka fi saurin gyaruwa, saboda gajartar rayuwarsu. Wani bincike da aka yi a Japan aka buga a 2005, a kan maza da suka daɗe suna shan taba, ya nuna cewa mako biyu kacal da dainawa saurin curewar ƙwayoyinsu ya ragu, waɗanda kuma suka koma sha abin ya dawo musu. Kabon monoksaid yakan sauka zuwa matsayinsa na lafiya cikin kimanin awa 12, fibirinojin da kaurin jini su biyo baya a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya yakan koma kusan rabin na mai sha. Akwai kuma binciken da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara a 1951 a kan likitoci maza fiye da 34,000 a Birtaniya, aka bi su shekara 50. Sakamakonsa ya nuna cewa mai shan taba yakan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwa idan aka kwatanta shi da wanda bai taɓa sha ba, wanda ya daina yana ɗan 40 ya kuɓutar da kimanin 9 daga ciki, wanda ya daina yana ɗan 50 kuma kimanin 6. Ajali na hannun Allah, babu mai musun wannan, amma kai kana tsakanin waɗannan shekaru biyu, kuma riƙo da sababi yana cikin abin da aka umarce mu.

Dainawa bayan shekara 24 ba ta yiwuwa ga mafi yawan mutane da ƙarfin zuciya kaɗai, kuma babu abin kunya a neman taimako. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana da asibitoci na musamman don masu son barin taba, kana iya kiran 937 a nuna maka mafi kusa da kai, ko ka nemi ganawa ta manhajar Sehhaty. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata da cingam ɗinsa, waɗanda ke rage ƙishirwar ba tare da hayaƙi da kabon monoksaid ba, akwai kuma ƙwayoyin sha da sai likita ya rubuta. Ka tabbata ka gaya masa cewa babbar mota kake ja, saboda wasu daga cikinsu kan sa jiri ko barci. Haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowanne shi kaɗai nasara. Ka sa rana cikin mako biyu masu zuwa, ranar da ba ka da doguwar tafiya, domin kwana ukun farko su suka fi tsanani, bayan 'yan makonni kuma abin yakan lafa. Ka fitar da kwali da ashana da abin zuba toka daga mota, ka wanke kujeru warin ya fita, ka ajiye asuwaki da gorar ruwa a inda kwalin yake zama, saboda sha'awar takan taso ta kwanta cikin 'yan mintoci idan hannu da baki sun sami abin yi. Ka rage gahawa da shayi mai kauri a makonnin farko, domin jikin wanda ya bar taba yakan yi jinkirin narkar da sinadarin da ke cikinsu, sai mutum ya kasa barci ya ɗauka rashin sigari ne. Istiraha kuma ka ɗan ƙaurace mata na wata ɗaya ko biyu. Abokan arziki za su fahimta. Duk wanda ke kai azumin Ramadan daga alfijir zuwa magariba ba tare da ya kunna kara ba ya riga ya san yana iya jure awanni masu yawa, kuma azumin Litinin da Alhamis na iya taimaka maka a farkon tafiyar. Kuɗin kwali kuwa, tun da aka sa wa taba harajin kashi 100 cikin 100 a 2017, kai ka fi ni sanin abin da yake ci daga albashinka, ka ninka shi sau 30 ka gani.

Uwargida ya kamata ta sani, kuma daga bakinka. Ita ce za ta jure maka saurin fushin makon farko, kuma zai fi mata sauƙi idan ta san dalilinsa. Ban da haka, maganar ta shafi jikinta kai tsaye, domin hayaƙin da wanda ba ya sha ke shaƙa a ɗaki ko a mota yana tunzura nasa ƙwayoyin cikin abin da bai wuce minti 30 ba, kuma zama da mai shan taba yana ƙara wa mutum haɗarin ciwon zuciya da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Buɗe taga ko kunna na'urar sanyaya ɗaki ba ya kawar da shi.

Kafin ranar komawarka, ka riƙe alamomin da ba a jira da su: nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, karkacewar baki, sanyin hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, harɗewar magana, ɗaukewar gani farat ɗaya, kumburin ƙwauri ɗaya mai zafi bayan doguwar tafiya, ko sarƙewar numfashi. Idan ɗaya daga ciki ya same ka a kan hanya, ka gangara gefe ka kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997, kada ka ce za ka ja motar da kanka zuwa asibiti. Ranar gwaji na biyu kuma ka je ba ka da mura ko zazzaɓi, ka sha ruwa isasshe tun daren, ka tafi da takardar farko da duk wata tsohuwar takardar gwaji da kake da ita, ko ta lokacin yin iƙama ce, wato katin izinin zama, domin likita ya ga inda lambarka ta saba zama. Ka roƙi a auna maka hawan jini da suga da kitsen jini da ajiyar ƙarfe, ka tambaye shi batun hoton ƙirji, ka gaya masa zancen shishar, da kuma ko uwargida na cewa kana minshari mai yanke numfashi, saboda shi ma yana ɗaga hemogulobin. Idan layi ya sake yin tsawo, ka rubuta tambayoyin a takarda ka miƙa masa tun kana zama. Allah ya ba da lafiya, ya sa a ji alheri.